Ɗan dabbar yarona yana cizo, maigida ya ce a miƙa wa kyanwa

Wasiƙar wannan makon daga unguwar Yelwa ta Garwa ta zo. Ga abin da mai wasiƙar ta ce, a taƙaice:

"Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena da ke aiki a Yawunde ya zo hutu, ya kawo wa yaron wajena mai shekara 11 wani ɗan dabba mai kama da ɓera, baƙi da farin tabo a goshi, wutsiyarsa duk gashi. Ya ce jarbil sunansa, wurin masu kiwonsu ya saya. Muka sa shi a tsohon kejin kanari. Yau mako uku ke nan, ya ciji yaron sau huɗu, biyu har da jini. Da an matso kusa sai ya riƙa buga ƙafafunsa na baya kamar mai kiɗa. Rannan yaron ya ɗago shi ta wutsiya zai nuna wa abokansa, sai ya sandare yana karkarwa, har muka ce ya mutu. Maigida ya ce shi bai taɓa ganin inda ake kiwon ɓera ba, in ya sake cizo kyanwar gidan zai miƙa wa. Yaron kuka yake yi, yana son abinsa amma yanzu tsoronsa yake ji. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na lura ba ki kama sunan yaron ba, na san ɗan fari ne, to ni ma "yaron" zan riƙa cewa.

Mu fara da yatsansa. Duk lokacin da cizo ya fitar da jini, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a daɗe ana wankewa, a shafa maganin rauni irin Betadine, a rufe da filasta. Ki duba katin allurarsa ki ga ko ta tetanos ta cika, in ba ta cika ba ki kai shi a yi masa. In wurin ya kumbura ko ya yi ja yana zafi ko ya tara mugunya, asibiti ne. Haka kuma in zazzaɓi ya kama shi cikin kwana goma da cizon, musamman in ya zo da ƙuraje ko ciwon gaɓoɓi, to kada a ce masassarar damina ce a sayo ƙwaya a kanti. A je asibiti, kuma a gaya wa likita cewa dabba mai kama da ɓera ta cije shi, domin akwai zazzaɓin da ake ɗauka daga cizon irin waɗannan dabbobin, yana warkewa da magani in an gane shi da wuri.

Kalar da kika faɗa ta kwantar mini da hankali. Baƙi mai farin tabo ba a samunsa a dajinmu, na kiwo ne iyaye da kakanni. Asalin irinsa daga busassun filayen Mongoliya ne da arewacin ƙasar Sin. A 1954 aka kai wasu Amurka don bincike, daga nan suka bazu gidajen mutane. Na tsaya a kan wannan ne saboda sauran masu karatu, don mu ma muna da danginsa a jejinmu, daga Marwa har Kusuri da ƙetaren kogi a Cadi, masu kalar yashi da manyan idanu, waɗanda yara ke tonowa a gona. Wanda aka kamo a daji ba abin ajiyewa ba ne, a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Ba ya sabawa da mutum, kuma ɓerayen daji suna ɗauke da cututtuka. Zazzaɓin Lasa da ake ta magana a kai wani nau'in ɓera ne ke yaɗa shi, kuma garin Lasa da aka fara gano cutar a 1969 yana nan jihar Borno, ba wani nisa ne da mu ba.

Yanzu ga abin da ke damun naku. Hajiya, wannan ɗan dabba a tsorace yake tun ranar da ya shigo gidanku, kuma har yau bai samu inda zai ɓoye kansa ba. Ki duba da idonsa. Bai kai nauyin ƙwan kaza biyu ba. A ƙasarsu cikin rami yake rayuwa shi da danginsa, kuma ajalinsa yawanci daga sama yake zuwa, shaho da rana, mujiya da dare. Duk abin da ya sauko masa daga sama a buɗe ya damƙe shi, a wurinsa ƙafar shaho ce. To haka hannun yaron yake zuwa masa, ta ƙofar keji, yatsu a ware, a bi shi kusurwa a matse. An ɗauko shi daga cikin 'yan'uwansa, ya sha doguwar tafiya daga Yawunde, an sa shi kan waya tsirara babu rami babu duhu, ga kyanwa tana kewaya, ga yara sun yi masa rumfa suna ihu. Wanda aka kai bango ba shi da sauran makami sai haƙori. Kuma ya riga ya koyi darasi guda: in ya yi cizo, hannun yana sakinsa. Sau huɗu ya gwada, sau huɗu abin ya yi masa aiki.

Bugun ƙafar nan da kika ji gangar gargaɗi ce. Da ita suke sanar da juna a cikin rami cewa ga haɗari. In yaron ya ji ta, ya janye hannunsa ya zauna shiru, don cizo ne ke biye da ita. Sandarewar da ya yi kuwa farfaɗiya ce, kuma sananniya ce a jinsinsu, firgita ke tayar da ita. Ba iska ba ce, ba kuma ta kama mutum. In ta sake faruwa a mayar da shi mazauninsa a hankali, a rufa zane a kai don ya samu duhu, kowa ya yi shiru. Cikin minti ɗaya ko biyu yakan dawo hayyacinsa. Kada a yayyafa masa ruwa, kada a jijjiga shi.

Maganar wutsiya ina so ki zaunar da yaron ki gaya masa da kyau, domin ni na gani a hannuna. Shekarun baya, ina aiki a Marwa, wata malamar makaranta da za ta koma ƙasarsu ta bar mini guda biyu. Kwana na biyu ɗaya ya yi tsalle zai fita, na kai hannu na cafke ƙarshen wutsiyar kamar yadda muka saba yi wa ɓeran rumbu. Sai na ji babu nauyi. Na duba, fatar wutsiyar ce da gashinta a tsakanin yatsuna kamar an zare safa, shi kuma yana can ƙasa yana gudu da ɗan jan ƙashi siriri a bayansa. Allah ya halicce su haka ne don su kuɓuce wa abin da ya kama su. Ƙashin ya bushe ya faɗi daga baya, ya rayu da guntun bindi, amma ba ta sake tsirowa, kuma sai da na yi wata biyu kafin ya yarda ya karɓi abinci a hannuna. Naku ya yi sa'a. Daga yau babu mai taɓa wutsiyarsa.

Kafin a yi zancen sabo, a canja masa gida, don muddin yana kejin kanari duk wahalar da za ku yi a banza ce. Abin da ya fi shi ne akwatin gilashi irin na kiwon kifi. In babu, rabin duro na ƙarfe da aka wanke tas, ko akwatin katako mai kauri da zurfi, a yi masa murfi na ragar waya mai nauyi wanda kyanwa ba za ta iya turewa ba. Roba ba ta daɗewa, zai huda ta. A cika shi da abin tono, zurfin taƙi guda ko fiye, wato santimita 20 zuwa 30: yagaggun takardu marasa tawada da yawa, gutsattsarin kwali, da busasshiyar ciyawa mai tsabta a cakuɗa a danna, don ramin ya tsaya kada ya rufta. Garin katako mai laushi na wurin kafinta yana shiga masa hanci, a bar shi. Na san Garwa garin auduga ne, kuma kowa zai ga kamar ita ce shimfiɗa mafi taushi, to kada a sa. Zarenta yana naɗe ƙafa ya tsayar da jini, in ya haɗiye kuma ta toshe hanji. A kifa masa fasasshen tulu ko 'yar tukunyar ƙasa da aka fasa wa baki, ya zama ɗakinsa. A ajiye ɗan kasko da yashin Binuwai mai laushi, a tankaɗe a soya a wuta a bari ya huce, a ciki yake birgima, wankansa ke nan. Ba a yi masa wanka da ruwa. A riƙa jefa masa kwali da ɗan busasshen icen da ba a yi wa feshi ko fenti ba, saboda haƙoransa na gaba ba sa daina tsawo, sai yana gwaguya suke daidaita.

Za ki ga ya ɓace cikin rami kwana biyu ko uku, yaron ya ce an raba shi da abinsa. Ki ba shi haƙuri. Dabbar da ta san tana da wurin gudu ita ce ke da ƙarfin halin fitowa ta duba ka. Dokar gidan kuma ita ce ba a tona ramin, ba a ɗaga tulun, ba a tashinsa daga barci. Wurin ajiyewa ya zama ɗakin da kyanwa ba ta shiga, nesa da rediyo da hayaƙin murhu da maganin sauro. Ki yi tunanin bazara tun yanzu, don kin fi ni sanin yadda Garwa take a watan Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Ko da yake ɗan busasshiyar ƙasa ne, a can rami mai sanyi yake shiga da rana. Ɗakin kwano da azahar zai iya kashe shi. A nemi wuri mafi sanyi a gidan, kusa da randa in zai yiwu, a sa masa gutsuren tayil ya kwanta a kai, ruwan sha kuma kada ya yanke.

To sai aikin sabo, kuma rabinsa a hannun yaron yake. Makon farko babu taɓawa sam. Ya zuba abinci, ya canja ruwa, sannan ya zauna a gefe da yamma in ya dawo daga lakwal, wato makarantar boko, ya yi karatunsa a bayyane da murya ƙasa-ƙasa, ko haddarsa ta Islamiyya. So ake dabbar ta saba da muryar, ta gane cewa wannan inuwar tana zuwa tana tafiya ba abin da ke faruwa. Ya murza 'yar takarda mai laushi a tafin hannunsa ya jefa ciki. Jarbil ɗin zai ja ta cikin rami ya yi shimfiɗa da ita, ya kwana da ƙanshin yaron a hancinsa.

Mako na biyu hannu ya shiga, amma a wanke shi tukuna da ruwa a goge. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yatsan da ya gama cin ƙuli-ƙuli ko kilishi abinci ne a hancin jarbil, wanda ya shafa kyanwa kuwa abokin gaba ne. Ya sa hannun a hankali ta gefe guda, can nesa da bakin rami, a dunƙule, ya ajiye shi kan shimfiɗar ya bar shi kamar dutse na minti biyar. Dunƙulallen hannu ba shi da yatsan da za a kama, wannan zai rage wa yaron fargaba, don shi ma wanda maciji ya sara ne, in ya ga tsumma sai ya zabura. Ki zauna kusa da shi kwanakin farko. Abin da zai faru shi ne, ɗan dabbar zai leƙo, ya miƙe kan ƙafafun baya, ya koma da gudu, ya sake fitowa, ya matso yana miƙa wuya, gashin bakinsa na rawa, ya shinshina ya gudu. Wata rana zai ɗan ɗanɗana fatar da haƙori. Ki gaya wa yaron tun kafin lokacin cewa wannan ɗanɗanon daban yake da cizon tsoro, ba ya huda fata, tambaya ce yake yi ko wannan abin ana ci. Ya ɗan motsa hannun kaɗan, zai bari. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe ko gab da magariba, in ya ga dabbar ta fito da kanta tana harkokinta.

Daga nan sai toshi. Abincinsa na kullum gero da dawa da 'yar masara, kamar cokali guda a rana, da ɗan yankan karas ko ganye jefi-jefi. Ban da albasa, ban da lemon tsami, ban da tuwo da miya da duk abin da ke da gishiri ko sukari. Amma abin daɗin, wato 'ya'yan kabewa ko agushi ko ɓarin ɗanyar gyaɗa mai kyau wadda ba ta yi fumfuna ba, kada a taɓa zuba shi a kwano. Daga hannun yaron kaɗai zai riƙa fitowa, ƙwaya biyu ko uku a rana don suna da maiƙo. Da farko a ɗora ƙwayar a bayan hannu. In ya saba ɗauka, a buɗe tafin a shimfiɗe, ƙwayar a bakin yatsu. Bayan kwana biyu a matsar da ita tsakiyar tafi, yadda sai ya ɗora ƙafafun gaba kafin ya kai gare ta, sannan can wajen wuyan hannu, yadda sai ya hau gaba ɗaya. Ranar da ya zauna a tafin yaron ya riƙe ƙwayar da hannuwansa biyu yana ɓarewa a nan, bai gudu da ita rami ba, to an ci rabin tafiya. A nan ne yara ke ɓata aiki, daɗi ya kwashe su su rufe hannu. Kada ya rufe. Ya bar shi ya sauka da kansa, yau da gobe da jibi. Sai bayan nan ya ɗaga tafin kamar yatsa biyu daga ƙasa ya mayar, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. In an kai ga fitar da shi, da hannu biyu ake kamfato shi ta ƙasa kamar mai ɗiban ruwa, kuma a zaune kan tabarma, ƙofa a rufe, domin yana tsalle ba tare da duba nisan ƙasa ba.

Kafin a kai wannan matsayin, in dole sai an ɗauke shi don shara, a kwantar da kofi ko gwangwani a gabansa da ƙwaya a ciki, in ya shiga a rufe bakin da tafi a ɗaga. Sharar ma ba kullum ba, fitsarinsu kaɗan ne ƙwarai, bayan mako uku ko huɗu ya isa, kuma a mayar da wani ɓangare na tsohuwar shimfiɗar don kada ya ji an kai shi baƙon wuri.

In ya sake cizo fa? Yana iya yi. Abin da yaron zai yi shi ne ya sauke hannun ƙasa, ƙafafun dabbar su taɓa shimfiɗa, zai saki. Yarfar da hannu shi ne haɗari, don yana iya bugawa da bango ya karye. Babu duka, babu ɗallin hanci, babu tsawa, ko ɗaya ba ya fahimta, tsoron kawai suke ƙarawa. Gobe a koma matakin da aka baro. Kuma na san za a samu mai cewa a kawo filaya a karya haƙoran a huta. Ina roƙonki da Allah kada ki yarda. Azaba ce, ba zai iya cin abinci ba, haƙoran kuma za su sake fitowa, wataƙila a karkace. Abokan yaron da ƙannensa su yi kallo daga nesa, mutum ɗaya zai saba da shi tukuna.

Akwai abu biyu da za ki sa wa ido. In kin ga ja-ja a gefen hancinsa ko idonsa kamar jini, yawanci wani ruwa ne da jikinsu ke fitarwa in suna cikin damuwa ko ƙura ta dame su, yakan ragu in an gyara mazauni. In kuwa ya daina ci, ko yana zubar da yawu, ko kin ga ƙari a tsakiyar cikinsa inda yake da ɗan wuri marar gashi, to ciwo ne, mai ciwo kuma yana cizo, a kai shi wurin likitan dabbobi. Kada wani ya yi masa allurar awaki ta penisilin da sitireftomisin da aka saba da ita, tana kashe irinsu.

Sannan kaɗaici. Ba a halicce shi don zama shi kaɗai ba, a ƙasarsu iyali guda ne a rami guda, suna kwana a cure suna gyara wa juna gashi. In ƙanenki zai sake zuwa, ya samo masa ɗan'uwa, jinsi ɗaya da shi, ƙarami. Kada ya kawo mace in wannan namiji ne, cikinsu kwana 24 zuwa 26 ne kacal, kafin shekara gidan ya cika. Kuma ba a jefa baƙo kai tsaye, za su yi faɗa har kisa. Ana raba akwatin biyu da raga, kowa a gefensa, a riƙa musanya musu gefe kullum na mako ɗaya ko biyu har ƙanshinsu ya gauraya, sannan a cire ragar ana kallo. Wannan sai a bar shi zuwa lokacin da na yanzu ya natsu.

Maigida kuma yana da gaskiyarsa, jinin ɗansa ya gani. Kada ki yi gardama da shi a gaban yaron. Ki same shi shi kaɗai ki roƙi kwana arba'in, da sharaɗin cewa yaron ba zai kama dabbar ba sai yadda na bayyana, kuma zai wanke hannu da sabulu bayan kowane zama. Ki nuna masa wutsiyar mai gashi da tuntu a ƙarshe, ya gani da idonsa cewa ba ɓeran da ke ɓarna a rumbu ba ne. Ki tuna masa da ƙanen Anas bin Malik, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, da tsuntsun ya mutu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi labarinsa yana lallashinsa. In arba'in ɗin ta cika ba a ga sauyi ba, a nemi wanda zai iya riƙonsa a ba shi. Kada a sake shi a bayan gida, bai san dajinmu ba, ba zai kwana biyu ba.

Wasunsu mako biyu sun saba, wanda aka tsorata kamar naku yakan kai wata ɗaya ko biyu. Akwai kuma wanda iyakarsa ya hau hannu ya ci ya sauka, ba ya son a riƙe shi har abada, sai a karɓe shi a haka, shekara uku zuwa huɗu ce dai rayuwar tasa. Abu na ƙarshe da za ki gaya wa yaron: wata rana yana riƙe da shi zai ji jikinsa na wata 'yar rawa a tafinsa, siririya, kamar waya in an kira ta ba sauti, alhali dabbar tana zaune lafiya idonta a lumshe. Kada ya firgita ya sake shi yana zaton farfaɗiyar ce ta dawo. Haka suke yi in sun ji daɗi. Ki gaishe mini da shi, ki ce ina jiran labari bayan arba'in.